Gurnanin Mage Ba Kullum Ne Na Daɗi Ba

'Ya'yana, ku da kuka ajiye mage a gida don maganin ɓera, ku ba ni aron kunnenku.

Idan ta hau cinyarka ta lumshe ido tana gurnani, sa yatsa a hankali ƙarƙashin haɓarta. Za ka ji wurin yana rawa. Daga maƙogwaro abin yake fitowa: iska ce ke kaɗa tantanin murya, yana buɗewa yana rufewa wajen sau 25 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci fiye da haka nesa. Ko ta ja numfashi ko ta sake shi, sautin ba ya yankewa. Zaki duk girmansa ba a ba shi wannan ba, sai dai ruri.

Mage tun tana jaririya ta iya gurnani. 'Ya'yan mage ido a rufe ake haihuwarsu, kunne a toshe, sai sun yi kamar kwana 10 kafin su ga duniya. Amma suna jin rawar jikin uwarsu, kuma cikin 'yan kwanaki su ma sun fara mayar mata, suna tsotso suna danna cikinta da ƙafafun gaba. Akwai kuma gurnani na roƙo. A 2009 wata masaniya a Jami'ar Sussex ta Ingila, Karen McComb, ta nuna cewa in mage na neman abinci takan cusa wani siririn kuka cikin gurnanin, mai kama da na jinjiri, wanda zuciyar mutum ba ta iya sharewa.

To, ga inda nake so ku natsu. Mage tana gurnani a kan naƙuda. Tana yi in ta ji rauni, in tsoro ya kama ta, har a bakin mutuwa. Na ga wata da kare ya ciza a cinya, ta lafe bayan randa, gashi a tashe, kunnuwa a kwance, ga tuwo da kan kifi a gabanta ko shinshinawa ba ta yi ba. Yara na murna wai ta warke tunda tana gurnani. Wallahi lallashin kanta take yi, baiwar Allah, kuma masana da yawa haka suke gani.

Saboda haka kada kunne ya yanke hukunci shi kaɗai. Ku duba: ta ci? Ta sha ruwa? Tana lasar jikinta yadda ta saba, ko ɓuya take yi tana numfashi sama-sama? Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ci ba sakewa. Dabbar da ka ajiye, haƙƙinta na wuyanka.

In ta wuni ta kwana ba ta taɓa abinci ba, ku kai ta wurin likitan dabbobi. Kuma don Allah kada tausayi ya sa ku ba ta farasitamol ɗinku. Guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.