Baƙar Mota Da Tsumman Hunturu

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, hazo ya sauko mana a Kumasi, akan sami wata rigima da ba ta ƙarewa a wuraren wankin mota na Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Mutum ya kawo baƙar motarsa, yara su wanke, ya zo ɗauka da rana tsaka, sai ya ga jikinta duk zane-zane sirara kamar saƙar gizo-gizo, musamman a kan bonet da ƙofofi. Daga nan sai faɗa ya tashi, ya ce an ɓata masa fenti, wani lokaci ma ya hana yaran kuɗin aikinsu. Da yawa daga cikin yaran nan ɗalibanmu ne, da abin da suka samu ran Asabar da Lahadi suke sayen littafin rubutu da takalmin makaranta. Shi ya sa muka ga ya kamata mu sa baki, ko da yake mu malamai ba mu cika hawa irin waɗannan motoci ba sai an rage mana hanya.

Da farko dai, 'yan'uwa, fentin mota bai kai kaurin da ake zato ba. Idan aka haɗa shafin ƙasa da launi da shafin sama gaba ɗaya, kaurinsu bai wuce na takardar littafin rubutu ba sosai, wato kamar kashi 1 cikin 10 na milimita ko fiye da haka kaɗan. Tun wajen shekarun 1980 masu ƙera motoci suka koma rufe launin da wani shafi garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke kare launin daga rana. Wannan shafin na sama bai kai rabin kaurin da muka ambata ba. A kansa zanen gizo-gizon yake. Farar mota ma tana da shi, sai dai fari yana ɓoye shi. Baƙi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, kowane ƙwarzane sai ya kama haske ya fito fari fat, kamar alli a kan allon aji.

To, me ke yin zanen? Ƙura. Hazon da muke gani iskar hunturu ce ke kwaso shi daga Sahara, kuma wani kaso mai yawa daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Chadi, inda a zamanin da babban tafki ne, ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Idan ya iso nan sai ya gauraya da jar ƙasar hanyoyinmu, wadda ke cike da ƙwayoyin yashi. Yashi kuwa, kamar yadda muke nuna wa yara a darasin kimiyya, ya fi gilashi tauri, yana iya zana shi, balle fenti. Duk wanda ya ɗora busasshen tsumma a kan mota mai ƙura ya goga, to sanfefa ya sa mata.

A nan ne muke ganin ana zaluntar yara. Ku fito da sassafe a kowace unguwa a wannan lokaci, za ku ga maigida ko direbansa da tsohuwar singileti a hannu yana kewaya mota yana sharar ƙurar dare, kullum, wata biyu ko uku a jere. Ƙurar da ta sake sauka ita ke rufe ɓarnar. Ranar da yaro ya wanke motar tas, sai abin da maigida ya daɗe yana yi da hannunsa ya bayyana, laifi kuma ya faɗa kan wanda ya zuba ruwa. Haka nan masu lulluɓe mota da tamfol alhali tana da ƙura, iska na kaɗa shi yana gogar fenti har gari ya waye.

Ba mu ce yaran ba su da nasu ba. Mun sha tsayawa muna kallonsu: bokiti ɗaya, soso ɗaya, da shi za a wanke taya, da shi za a hau rufi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tunda kun karɓi aikin sai ku koye shi. A fara kwarara ruwa a jikin mota har ƙura ta gangara da kanta kafin hannu ya taɓa ta. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla wanda za a riƙa ɗauraye soso a ciki kafin a mayar da shi cikin kumfa, don yashi ya zauna a gindin na biyun. A fara daga rufi a gangaro, taya da gindin ƙofofi su zo ƙarshe da nasu soson daban. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. Garin sabulun wankin tufafi kuma a bar wa tufafi, don yana kwashe duk wani kaki da ke jikin fenti, akwai sabulun mota a shagunan Magazin ta Suame.

Sai maganar rana, wadda ita ce babbar abokiyar gabar baƙar mota. Rufinta da tsakar rana yakan haura digiri 70, ruwa na sauka yana bushewa. Idan na rijiyar burtsatse ne mai gishiri-gishiri, sai ya bar ɗigo-ɗigon fari, wanda in ya daɗe yakan ci cikin fenti. Saboda haka a yi wanki a inuwa ko da sanyin safiya, a tsane ruwan nan take da tawul mai laushi. Amma ba kowace inuwa ba. Wanda ya taɓa ajiye mota kusa da gidan namun daji na Kejetia, inda jemagu ke rataye a itatuwa, ya san abin da kashinsu ke yi wa fenti idan ya kwana ya sha rana.

Akwai kuma ruɗanin da ke tsakanin folish da kaki, har manya ma suna ɗaukar su abu ɗaya ne. Folish yana da ɗan kaushi, aikinsa shi ne ya kankare saman fenti kaɗan har ya daidaita da zurfin ƙwarzanen, sai zanen ya ɓace. Wato duk ranar da aka yi folish, fenti ya ragu, kuma ba ya tsirowa. Mun san wani attajiri da ke sa a bi motarsa da injin folish kowane wata don ta yi ƙyalli a wurin biki. Ba a daɗe ba gefen bonet ya ƙoƙe, shafin sama ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, dole sai feshin sabon fenti. Garin neman gira aka rasa ido. Sau ɗaya a shekara ya isa, in ma akwai bukata. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da ba su da shafin sama, za ka ga tsumma ya ɗauko launin motar. Idan ka ga haka a mota ta zamani, to tsaya, ka riga ka huda.

Kaki kuwa ba ya cire komai, rufewa yake yi. Mafi shahara shi ne karnoba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Barazil, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80. Ana shafa shi siriri a kan mota wankakkiya, busasshiya, mai sanyi, a bari ya yi hazo-hazo, sannan a goge da tsumma mai tsabta. Labta shi da yawa asarar kuɗi ce. A zafinmu yakan yi wata biyu zuwa uku. Idan ka zuba ruwa ka ga ya daina dunƙulewa yana shimfiɗewa, lokacin sake shafawa ya yi. Man birki da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, kada ya kusanci jikin mota, cin fenti yake yi.

Irin wannan wanki yana cin ruwa, yana cin lokaci, ba a yin sa cikin minti 15 mai mota na tsaye yana duba agogo. Wanda ke son sa sai ya bar motar, ya kuma biya daidai da wahalar. Ɗalibanmu kuwa mun faɗa musu a aji, muna kuma maimaitawa a nan: kafin ku taɓa baƙar mota, ku kwarara ruwa a gefe ɗaya na bonet, ku bari ya tsane, ku kira mai ita cikin ladabi ku ce, "Baba, zo ka duba nan tukuna." Ya ga zanen da idonsa a rana, ku yi ciniki, sannan ku ɗauko soso.