Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ma'aikacin gwamnati a zamaninmu bai cika buga doguwar ƙusa a bango ba, don bai san ranar da takardar canjin wurin aiki za ta same shi ba. Bana kana Gumel, baɗi a ce Rano, kafin yara su saba da makaranta a ce ka dawo hedikwata. Tashi mafi girma da na gani da idona shi ne na 1991. Ranar 27 ga Agusta Janar Babangida ya sanar da cire jihar Jigawa daga tsohuwar Kano, aka ce ma'aikata 'yan asalin can su tattara su nufi Dutse. Ga damina ta yi tsakiya, ga Dutse a lokacin ƙaramin gari ne, ba shi da gidajen da za su ɗauke mu. Waɗanda suka yi gaggawar loda iyali da kaya sun ji jiki: katifu suka jiƙe a hanya, hatsi ya yi fumfuna, kujeru suka yi watanni a zauren mutane. Waɗanda suka fara zuwa su kaɗai da tabarma da buta, suka nemi ɗaki, suka san inda ake ɗebo ruwa, sannan suka koma ɗauko iyali, su ne suka zauna lafiya.

Tun daga nan na riƙe cewa ranar da mota za ta zo ita ce mafi ƙarancin aiki a cikin tashi. In ka ga ranar ta zama ta faɗa da ɓacin rai, to aikin makonni ne aka bari ya taru, ya faɗo wa mutum lokaci guda.

Mata sun riga mu gane wannan. Ba a kai amarya ɗakin da ba a yi wa jere ba. Sai an share, an wanke, an kafa gado, an rataya labule, sannan a kawo mai ɗaki. Haka ya kamata a yi wa kowane gida. Ka je ka gan shi fiye da sau ɗaya, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Ka je da rana, ka koma bayan isha ka ji yadda unguwar take kwana. Ka duba gindin katanga, domin in ruwa yana kwanciya a gidan da damina zai bar shaida a jikin bango, ko da dillali ya rantse maka. Ka ɗanɗani ruwan rijiya, ka tambayi nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ja baya. Ka nemi a nuna maka takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, don a aikace bashin mita yakan bi gida ne, ba wanda ya tashi ba. Ka ɗauki igiya ka auna faɗin ƙofa, ka zo ka gwada a jikin kujerarka mafi girma. A cikin birnin Kano akwai lungunan da ko kurkura ba ta shiga, sai baro da kan ɗan dako, kuma gara ka san haka tun kafin ka yi ciniki da direba. Malamanmu sukan ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Gaskiya ne. Tsagewar bango magini zai gyara maka a yini ɗaya, amma mugun maƙwabci ba mai gyara maka shi.

Maganar lokaci kuma, mai hayar shekara yana da sarari in ya san haƙƙinsa. A Abuja da Legas da jihohi da dama, in babu wata yarjejeniya a rubuce, doka ta ba shi notis na wata shida, mai hayar wata kuma wata ɗaya. Wata shida ya isa komai. Abin da yake cin mutane shi ne su ƙarar da biyar a roƙon mai gida ya janye, su yi neman gida da ɗaure kaya a cikin na shida. In da hali, ka karɓi makullin sabon gida mako ɗaya ko biyu kafin wa'adin tsohon ya cika. Kuɗin haya biyu na 'yan kwanaki yana da zafi, amma a cikinsu za a yi fenti, a yi feshin maganin ƙwari, a canza kwaɗo, a riƙa kai ƙananan kaya kaɗan-kaɗan. Ka guji tsakiyar damina, ka guji azumi, ka guji tsakiyar zangon karatu in kana da yara. A Kano kada ka sa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da safe, lokacin tsaftar muhalli ne, ba a barin mota ta wuce.

Inda aka fi samun saɓani shi ne wurin zaɓen abin da za a ɗauka da wanda za a bari, kuma a nan nake jan kunnen maza. Kayan ɗaki na mace ne. Iyayenta ne suka yi mata, wani ma tun tana goye uwarta take tara shi. Kwallar da ka ga ta yi tsatsa, ko fantekar da ba a taɓa zuba komai a ciki ba, wataƙila ita kaɗai ce abin da ya rage mata daga hannun kakarta. Ba hurumin miji ba ne ya tsaya a tsakar gida yana nuna abin da za a zubar. Ka faɗa mata girman ɗakunan da za a shiga, ko ma ka kai ta ta gani, ka bar ta ta yanke da kanta, ka ba ta lokaci. Za ka sha mamakin yawan abin da za ta bayar da hannunta ga 'yan uwa da maƙwabta in ba a matsa mata ba. Kai kuma ka fara da naka tarkacen: tsohuwar rediyo, tayar babur, tarin jaridun da ka ce za ka sake karantawa. Abin da zai amfani wani a ba shi tun yana da amfani. Sadaka ce, kuma ragin kuɗin mota ne.

Ɗaurin kaya ana fara shi da abin da ba a taɓawa kullum: littattafai, barguna in ba lokacin sanyi ba ne, kwanukan biki, kayan ado na kabet. Kwalaye a wurin mai kanti ake samunsu, a roƙe shi ya tara tun da wuri. Mai nauyi a ƙaramin kwali, marar nauyi a babba, domin littafi in ya cika babban kwali gindinsa ne zai zube a hannun mai ɗauka. Tangaran da gilashi a naɗe su da tsofaffin zannuwa da tawul, an ɗaure abu biyu ke nan a wuri ɗaya. Kowane kwali a rubuta a gefensa abin da ke ciki da ɗakin da za shi, ba a samansa ba, don in an ɗora wani a kai rubutun ya ɓace. Jakar nan da ake kira Gana-mas-go ta tufafi ce kawai, ba ta ɗaukar nauyi, zif ɗinta ke fara tafiya. Ban taɓa ganinta ban tuna 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka cusa zaman shekaru a cikin jaka ɗaya suka nufi iyaka. Wanda aka ba shi watanni ya shirya, ya gode wa Allah ya yi amfani da su.

Gado da sif a kira kafinta ya kwance, notuna da ƙusoshi a zuba a leda a ɗaure a jikin katakon da suka fito. Kayan katakon yanzu ba irin gadon ƙarfe na Vono ba ne da muka yi ta yawo da shi gari-gari, kwancewa biyu uku sun gama yawo, saboda haka kada a bar yara su taɓa. Firji a kashe shi tun jiya ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an sauke a bar shi ya huta wasu awanni kafin a jona, man injinsa ya koma mazauninsa. Janareta a juye mansa. Tukunyar gas a rufe ta, ta tafi a tsaye a buɗaɗɗiyar mota. Katifu da filo a shanya su a rana kwana biyu, in ba haka ba kuɗin cizo da kyankyaso za su riga ku tarewa. Kaji da dare ake kama su a akurki. Tattabaru kuwa sai an tsare su kwanaki a sabon wuri, in an sake su da wuri tsohon gida za su koma.

Akwai jaka ɗaya da ba ta hawa motar kaya. Takardun fili, shaidar haihuwa, takardun makaranta, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, katin rigakafin yara, takardun fansho, da gwal ɗin uwargida, duk a hannunka ko nata za su tafi. Na ga dattijon da ya yi shekara yana zirga-zirga kan fanshonsa saboda takardar ɗaukarsa aiki ta ɓace a cikin tashi. Kujera in ta karye kasuwa na da ita. Sai kuma ƙullin daren farko: tabarma, buta, fitila, gidan sauro, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, tukunya ɗaya, ashana, kayan shayi. Shi ne zai hau mota a ƙarshe don ya fara sauka.

Mutanenmu da yawa sun fi son tashi da dare, wai kada idon jama'a ya ga kayansu. Na fahimci kunyar, amma ban goyi baya ba. A duhu ake fasa madubi, a duhu kwali yake bin wata hanya, kuma wanda ya ɓace da dare ko bai ci bashin kowa ba sai an yi masa zargi. A fara lodi bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi an sauke. A gama ciniki da direba da 'yan dako tun kafin a ɗaga ko tsinke, a faɗi sawu nawa ne, da wanda zai biya in an ƙara. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida, ɗaya a sabo, ɗaya ya bi mota. Ƙananan yara da tsofaffi a kai su gidan dangi su yini, a ɗauko su bayan an shimfiɗa musu wurin kwana.

Abin da na fi so matasa su ji shi ne wanda ba ya shiga kwali. Shekarun da ka yi a unguwa sun ɗaura maka igiyoyi da yawa, kuma kwance su ake yi, ba a tsinkewa. Akwai ɗan littafin mai kanti. Akwai kuɗin mai garuwa da na 'yan sintiri, da ɗinkin da ke wurin tela, da tsanin da ka aro tun bara, da turmin da maƙwabciya ta ara. Akwai adashin uwargida, wanda in ta riga ta kwasa to sai an zauna da uwar adashi an tsara yadda zubi zai riƙa isowa, don irin wannan ƙaramin abu ya raba zumuncin shekara ashirin. Bayan an biya na biya, a bi gida-gida a yi sallama a nemi yafiya, maza a masallaci da majalisa, mata a cikin gidaje. Zaman tare ba ya rasa saɓani, ko a kan kwata ko a kan faɗan yara, kuma ba ka san ko za a sake haɗuwa ba. Yara ma a bar su su yi bankwana da abokansu da malamin allonsu. Mu manya mukan manta cewa su ma rabuwa suke yi.

A sabon gida, mutane da yawa sukan fara da karanta Suratul Baƙara, abu ne mai asali a sunna. Cikin makon farko ka gabatar da kanka ga liman da mai unguwa, uwargida ta aika wa maƙwabta ɗan abin da aka dafa. Tsohon gida kuma kada a bar shi da shara. A share shi, a toshe ramukan ƙusa, a maye gurbin gilashin da yara suka fasa. Ka kira mai gida ko wakilinsa ku zagaya ɗaki-ɗaki tare, ku rubuta abin da mita ta nuna, sannan ka miƙa masa makulli hannu da hannu a gaban shaida.