Abin da Jinyar Autana Ta Nuna Mini

Zazzaɓi kam mun saba da shi, duk damina sai ya zagaya gidanmu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne haɓo. Autana, ɗan shekara huɗu, hancinsa ya ɓalle da jini cikin dare, na matse, na ɗora tsumma mai sanyi, ya tsaya, can kuma ya dawo. Kafin asuba an ba mu gado a ɗakin yara na asibiti.

Wata nas ce ta ɗaga leɓensa ta haska da fitilar waya. "Maman yaro, matso ki gani." A dasashi da cikin kumatu ga ɗigo-ɗigo jajaye, ƙanana kamar kan allura. Ta ce a baƙar fata ba kasafai ake ganinsu ba, shi ya sa suke leƙa baki da cikin fatar ido. Ta nemo wasu a ƙaurinsa ta danna da yatsa, ba su dushe ba. Cizon sauro yakan dushe idan an danna. Wannan jini ne ya tsatso a ƙarƙashin fata.

Da gwaji ya fito, likita ya ce ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda suke kira filatilet, sun yi ƙasa. A ɓargo ake yin su, kuma kwana 7 zuwa 10 kawai suke yi a jiki. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a awon da suke yi, na yarona bai kai 50,000 ba. Ya ƙara da cewa idan suka sauka ƙasa da 20,000, jini yana iya zuba ba tare da rauni ba, har ya fito a fitsari ko bayan gida ya yi baƙi.

Ba zan ɓoye ba, sankarar jini zuciyata ta raya mini. Ban faɗa wa babansa ba, ban faɗa wa kowa ba, na kwana zaune a bakin gado ina kallon numfashinsa ina addu'a. Da safe na yi ƙarfin hali na tambaya. Likita ya ce sankara tana cikin dalilan, domin takan cika ɓargo ta hana shi aiki, amma a nan wurinmu zazzaɓin cizon sauro yana gaba-gaba: ƙwayoyin suna lalacewa da sauri, saifa kuma ta kumbura ta riƙe wasu. Shi aka samu a jinin yarona. Aka sa masa allurar artesunate ta jijiya, ƙwayoyin suka riƙa hawa ba tare da an ƙara masa komai ba.

A gadon kusa da namu akwai yarinya mai wasanta da dariyarta, sai dai jikinta duk tabon kwanciyar jini. Mura ta yi makonni kafin nan, garkuwar jikinta ta juya tana cinye nata ƙwayoyin. Irin wannan, in ji likitoci, yawancin yara suna warkewa cikin 'yan watanni. Can ƙurya kuma jariri ne da ƙwayar cuta ta shiga jininsa, shi ne ya fi kowa jin jiki.

Kakarsa da ta zo dubiya, cikin ƙauna da tausayi ta ce ko a kira wanzami ya duba beli. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, jininsa ba ya tsayawa yanzu." Ta fahimta. Yaro a wannan hali ba a yi masa cire beli, ko tsaga, ko kaciya. Ba a ba shi asfirin ko ibuprofen, domin suna raunana 'yan ƙwayoyin da suka rage, kuma allurar ɗuwawu a kemis tana iya tara masa jini a tsoka.

'Yar'uwa, idan ɗanki yana zazzaɓi, ki buɗe bakinsa ki duba da haske. In kin ga ɗigon da ba ya dushewa, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ki kai shi asibiti a ranar, ki roƙa a yi masa cikakken gwajin jini.