Gundumar da ta sayi bashin marasa lafiya

Ƙasar Amurka an raba ta jihohi, kowace jiha kuma an raba ta gundumomi. Gundumomin sun fi 3,000. Kusan kowace tana da majalisarta da asusunta, tana karɓar lanho, tana kula da hanyoyi da gidan kaso da lafiyar jama'a. Wani aikin ba ta yin shi da hannunta. Sai ta ba ƙungiyoyin taimako kuɗi su yi, wato ƙungiyoyin da ba su neman riba. Nan gardama take, don masu miƙo hannu suna da yawa.

A watan Maris na 2021, lokacin cutar korona, shugaba Joe Biden ya sa hannu kan wata doka ta agaji. Cikinta an ware ma gundumomi dala miliyar 65. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma biyar ba. A 2022 guda ɗaya tana yin wajen tamma 600, wato dala 120 a lissafin kasuwa.

Gundumar Kuk, inda birnin Shikago yake, tana da mutum fiye da miliyon 5. Rabonta ya kai miliyar ɗaya. Majalisarta wakilai 17 ne. Shugabar gundumar, Toni Preckwinkle, tsohuwar malamar makaranta ce, ta hau kujera a 2010. A 2022 suka ware miliyon 12 don aiki da wata ƙungiya mai suna RIP Medical Debt. Ƙungiyar ba ta gina asibiti, ba ta raba magani. Bashi take saye.

Abin yana son bayani. A Amurka magani yana da tsada ƙwarai. Mutum ya kwanta asibiti kwana kaɗan, ya fito da bashin da zai shekara da shekaru bai biya ba. In asibiti ta gaji da bi, sai ta tara irin waɗannan basussuka ta sayar ma ƴan karɓar bashi da araha, kamar mai kaya da yamma ta yi masa a kasuwa. Su kuma su dinga bin mutumen da takarda da waya, wani lokaci har gaban alƙali. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na rashin lafiya ba wanda ya ci shi da son ransa.

Mutum biyu da suka kafa ƙungiyar a 2014, Craig Antico da Jerry Ashton, da can aikin karɓar bashi suke yi. Sun san farashi. Suna saye yadda ƴan kasuwa ke saye, sannan su yafe. Da dala ɗaya ana iya kashe bashin wajen dala 100. Shi ya sa gundumar Kuk ta sa ran miliyon 12 za su share bashin da ya kai miliyar ɗaya. A 2024 ƙungiyar ta sake suna, ta koma Undue Medical Debt.

Ba a rubuta takardar roƙo. Ba a bin layi, ba a neman ɗan uwa a ofis. Ƙungiya ke duba littafin asibiti, ta fid da masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda bashinsu ya kai kashi 5 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Wata rana sai takarda ta iso gida: an yafe. Wannan tsari yana da kyau, don ya rufe ƙofar son kai, ya kuma rufa ma talaka asiri. Sai dai yana da gefen da bai yi daɗi ba. Sai asibiti ta yarda ta sayar. Maƙwabta biyu, ciwo ɗaya, talauci ɗaya, wannan ya samu takarda, wancan bai samu ba, don asibitin da ya je ba ta shiga ciki ba.

Akwai kuma magana mai nauyi. A 2024 wasu malaman jami'a suka fid da bincike kan mutum fiye da 80,000 da ƙungiyar ta yafe ma bashi a wasu wurare, tun kafin aikin Kuk. Da aka gwada su da waɗanda ba a yafe ma ba, ba a ga wani bambanci mai yawa ba, ko wajen kwanciyar hankali ko wajen aljihu. Arahar bashin ita ce ta nuna dalili: tsohon bashi ne, wanda mai shi ya daɗe da fid da rai. Mai bashin kuma ya riga ya sha wahalarsa. Gobe in ɗansa ya kwanta, sabon bashi zai tsiro, don kuɗin magani bai sauka ba.

Duk da haka ba za a ce wakilan Kuk sun yi ɓarna ba. Abin da suka ware bai kai kashi 2 cikin 100 na rabonsu ba. Kuɗin agajin kuwa sau ɗaya suka zo. Wanda ya ɗauki ma'aikata da irin waɗannan kuɗi, ranar da suka ƙare albashi ya tsaya. Bashin da aka yafe ba ya neman albashi, ba ya dawowa. Wasu sun ga haka sun bi sawu, har da gundumar Lukas a jihar Ohayo, da birnin Niyok a 2024.

Gwamnatin tarayya ta gindaya wa'adi: a gama yanke shawara kan kuɗin kafin ƙarshen Disamba 2024, a gama kashe su kafin ƙarshen Disamba 2026. Bayan nan, ƙungiyar da ke son taimakon gunduma sai dai a ɗebo mata daga lanhon gidaje da na ciniki, asusun da asibitin gunduma da gidan kaso ke ci a ciki.