Awon Birnin Labari: Abin da Na Koyo a Nima

A hutun ƙarshen shekarar karatu na sauka a Nima, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara, wurin yayata da aure ya kai can tun da daɗewa. Tun kafin in huce gajiya ta kawo mini ƙarar ɗanta, wai ya kama caca. Da daddare kuwa sai ga shi da abokansa huɗu sun baje wata babbar takarda a kan tabarma a tsakar gida, suna jefa ƙwayoyi irin na lido, wasu masu fuska shida, ɗaya mai fuska ashirin.

Da na zauna na saurara sai na ga babu kuɗi a ciki. Wasa ne na ƙagen labari. Mutum ɗaya ke riƙe da zaren labarin, yana siffanta gari da mutanensa, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin wani, wannan falke, wancan maharbi, sannan ƙwayar da aka jefa ta yanke ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ɗan yayata shi ne mai riƙe da labarin, don haka na sa masa suna madugu, kalmar da a ranar ya fara jin ta.

Gardama na tarar suna yi. Madugu ya gaji da biranen Turawa da ke cikin littattafan wasan, ya ƙago birnin Hausa na zamanin da, mai mutum 30,000. A labarin, ɗayansu ya yi ɓarna a kasuwa, yana son ya tsere kafin a rufe ƙofar gari da magariba. Zai kai ko ba zai kai ba? Amsar ta rataya a kan girman birnin, ba kuwa wanda ya san shi, har shi wanda ya ƙage shi. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, kai da ka fito daga ƙasar Hausa, garin mutum dubu talatin ina ne iyakarsa?"

Na duba zanensa. Nima ya zana, gida manne da gida, ya kewaye ta da katanga. Ba gona, ba rijiya, ba maƙabarta, ba filin da za a ɗaure jaki.

Mun fara da lissafi, domin shi ne mafi sauƙi. Na ce mu ɗauka kowane gida na da mutum 10, ka ga gida 3,000 ke nan. Idan kowane gida ya ci mita 20 a tsawo da 20 a faɗi, gidajen duka za su ci murabba'in kilomita 1.2. A ƙara hanyoyi da kasuwa da masallatai da fada, a ce ya kai murabba'in kilomita 2. Irin wannan gari, mai ƙafa zai ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan cikin kamar minti ashirin. Yaran suka yi murna, suka ce ɓarawonsu ya tsira. Na ce su dakata, wannan awon gidaje ne, birni bai ƙare a gidaje ba.

A nan ne tarihin Kano ya yi mini rana. Hugh Clapperton, baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 zuwa 40,000. Ya ce kewayen ganuwar ya kai kamar mil 15, da ƙofofi 15, amma gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba, saura gonaki ne da lambuna, ga kuma fadamar Jakara da ta kusa raba garin biyu. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ce mazauna sun kai 30,000, kuma suna iya ninkawa zuwa 60,000 da rani, lokacin da fatake ke cika gari. Awon ido ne matafiyan nan suka yi, ana iya samun ƙari ko ragi a ciki, sai dai abin da suka gani na fili a cikin ganuwa yana da dalili. Birnin da ke tsoron a kewaye shi da yaƙi dole ya ajiye gonarsa da ruwansa da makiyayarsa a ciki, ya kuma bar wurin da mutanen ƙauye za su fake idan hari ya taso. Hatta kududdufan da ke cikin gari sheda ce ta gini, domin daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi gidajen.

Muka koma kan takarda. Idan murabba'in kilomita 2 na gidaje kashi ɗaya ne cikin huɗu, birnin duka ya zama 8, ganuwarsa kuma, in zagayayya ce, za ta kai kusan kilomita 10, tafiyar fiye da awa biyu. Kasuwa na tsakiyar gidaje, amma tsakanin gida na ƙarshe da ƙofa akwai gonakin da mai gudu zai ratsa a sarari, kowa na ganinsa. Ɓarawo ya shiga uku.

Na kuma ja hankalinsu ga labaran da muka gada, waɗanda ba su damu da awo ba. A labarin Bayajida, Daura duka rijiya guda take sha, wato Kusugu, macijin kuma ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wanda ya taɓa jan guga ya san yawan tulun da rijiya ɗaya za ta cika daga asuba zuwa faɗuwar rana. Mai ba da labarin bai yi laifi ba, tunda jarunta yake son nunawa. Amma wanda ya gayyaci mutane su shiga birninsa su yi yawo, dole ya amsa tambayar ruwa. Salaga, kasuwar goron Gwanja da ke arewacin Gana, inda ayarin Hausawa ke sauka, ta shahara da yawan rijiyoyi har ake ce mata garin rijiya dubu. Yawan baƙi ne ya haƙa su.

Na kwanta a daren ina jin na yi aikin malanta. Kashegari yayata ta ce in je in gaida wani dattijo a Maamobi, unguwar da ke manne da Nima, ta haɗa ni da madugu. Taswirar wayata ta ce tafiyar minti goma sha biyu ce. Sai da muka ci fiye da awa ɗaya. Mun bi lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, mun yi kewaye don neman gadar da za ta tsallakar da mu babbar kwatar da ke ratsa wurin, mun tarar an kafa rumfar suna ta toshe hanya. Abin da ya fi cin lokaci kuwa gaisuwa ce. Kowace ƙofa akwai wanda ya san yaron, kuma ba ya wuce babba bai rusuna ba, ni ma sai an tambayi daga ina baƙo yake, ya mutanen gida, ya hanya.

A kan hanyar dawowa ya ce, "Kawu, jiya ba mu tambayi abu ɗaya ba. Ɓarawon nan baƙo ne ko ɗan gari? In baƙo ne, lungu zai haɗiye shi. In ɗan gari ne, ya san hanya, amma kowace ƙofa an san shi." Na yi shiru, domin lissafina na jiya bai tanadi wannan ba. Na auna fili, shi kuma ya auna tafiya.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, harshen da nake koyarwa ya riga ni sanin haka. Kalmar zango tana nufin masaukin ayari, tana kuma nufin tazarar da ayari ke ci daga masauki zuwa masauki. Bahaushe ya auna nisa da ƙafa da rana, ya ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Daga wannan kalma unguwannin baƙi a Gana suka samo suna, kamar Sabon Zango da Malam Bako ya kafa a Akra a farkon ƙarni na 20. Ita Nima ta taso ne a shekarun 1930, a kan filin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu daga hannun 'yan ƙabilar Ga, masu ƙasar. Baƙo a kan ƙasar wani ba ya gina ganuwa, ba ya kuma ware gona a tsakiyar unguwa. Abincinsa na kasuwa, kowane taƙi na fili kuwa ɗaki ne da za a saukar da wani baƙon. Gidan yayata ɗaki goma sha biyu ne, kusan kowanne da iyali. Ashe yaron bai yi kuskure ba, ya zana irin garin da ya sani, kuma mutum 30,000 za su shige cikinsa a filin da bai kai wanda na lissafa ba.

Saboda haka, ɗalibin da zai ƙagi gari, a wasa ne ko a ƙagaggen labari, kada ya fara da yawan mutane. Ya fara tambayar me suke tsoro, ina suke samun ruwa da hatsi, ƙasar tasu ce ko aro, kuma wane ne zai yi tafiyar. Daga amsoshin zai san kalmar da ta dace. Birni yana da ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala, gari ba lallai ba. Akwai ƙauye, akwai tunga, akwai ruga, akwai unguwa, akwai zango, kowanne da girmansa da irin mutanensa. Yaran Nima sun riƙe lungu da zango da unguwa, domin a ciki suke kwana. Ganuwa da fatake da madugu sun kuɓuce musu, tunda babu abin da za su nuna da yatsa su kira shi da sunan. Wasan da uwarsu ta zata caca shi ya dawo musu da bukatar kalmomin.

Daren da zan taso ya sake zanen. Ya faɗaɗa ganuwa, ya tara lungunan Nima a kusurwa ɗaya, ya bar saura ga dawa da gero, ya haƙa rijiya a kowace unguwa, ya ajiye zango a bakin ƙofar arewa. Aka jefa ƙwaya. Ɓarawon, wanda suka amince ɗan gari ne, ya ratsa lunguna lafiya, amma wata tsohuwa mai koko da ta san uwarsa ta tsayar da shi gaisuwa, har aka kira magariba.