Akwatin Udoji

A ɗakin kakana, bisa wani tsohon kabad, akwai wani akwatin rediyo da muka taso muka tarar an lulluɓe shi da ƙyallen atamfa. Mu jikoki ba mu taɓa jin muryarsa ba. Iyakar abin da muka sani shi ne sunansa, watau Akwatin Udoji, da kuma dokar da aka kafa mana cewa duk wanda ya taɓa shi jikinsa zai gaya masa. Wannan akwati shi na gyara a shekarar 2022, kuma labarin gyaran nake so in ba 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya, domin na sha kunya a cikinsa, na kuma ƙaru.

Bari in fara da asalin sunan, saboda ƙannenmu da ba su san shi ba. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don ya duba tsarin aikin gwamnati da albashin ma'aikata. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1974, a farkon 1975 kuma aka biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da na watannin baya a dunƙule. Kakana a lokacin akawu ne a wata ma'aikata a Kano. Abokan aikinsa wasu suka sayi babur, wasu suka yi rufin kwano, wasu suka ƙara aure. Shi kuwa sai ya shiga kanti ya fito da akwatin Pioneer SX-636, ƙirar ƙasar Japan, da lasifika biyu da injin juya faifai. Har yau kakata ba ta huce ba, don ita keken ɗinki ta sa rai da shi.

Irin wannan akwati aiki uku yake yi a jiki ɗaya. Yana kamo tashoshin rediyo na zangon AM da na FM, yana tace sauti ya daidaita kaurinsa da sirantakarsa, sa'an nan ya ƙarfafa shi ya tura wa lasifika. Ana ce masa sitiriyo domin hanyar sautinsa biyu ce, ta hagu da ta dama, kowace da nata kayan, kowace kuma tana ba da wat 25. Abin dariya, lokacin da kakana ya saye shi rabin fuskarsa ba ta da amfani, domin ba a buɗe tashar FM ta farko a Nijeriya ba sai a 1977, ita ma a Ikko. Saboda haka Rediyon Kaduna yake saurare a zangon AM, da dare kuma ya ɗora fayafayan Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, maƙwabta su cika zaure. A haka akwatin ya yi shekaru, har ya fara wata ƙara kamar ana suyar ƙosai, daga baya ɓangaren hagu ya riƙa ɗaukewa. Da kaset ya yi yawa sai aka rufe shi aka manta.

A 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya ɗauki wata 8. Ina aji uku a sashen Fiziks, na dawo gida ba aikin fari ba na baƙi. Kakana kuwa idonsa ya riga ya tafi, yini yake a kan buzu da carbi. Wata rana na shiga gaishe shi sai ya ce, "Kai malalaci, an ce ilmin lantarki kake karantawa. Ko dai kuɗin ɗana kake ci a banza?"

Na ce, "Tsoho, ai sai dai in ba a gwada ni ba."

Ya nuna wajen kabad da sandarsa, ya ce, "To ga gwaji nan. In ka sa shi ya yi magana kafin in mutu, na bar maka matar tawa, ka je ka yi ta fama da ita." Kakata daga tsakar gida ta ce ita dama ta gaji da tsoho, angonta take jira. Aka yi dariya. Amma da na zo ɗaukar akwatin sai ya kama hannuna, ya rage murya, ya ce, "Ka bi shi a hankali. Ba ni da wani."

Da na kwance rigar katakon, abin da na gani ya isa a ba da labari. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta yi kauri kamar bargo, ga kashin ɓera, ga gidan zanzaro har biyu a jikin taransifoma. Na yi kwana biyu ina sharewa da burushin fenti. Na samo littafin gyara na kamfanin a intanet, da taswirar wayoyinsa duka, na karanta abin da masu sha'awar irin waɗannan akwatuna suka rubuta. Daga nan na gane cututtukansa iri uku ne. Na farko, datti da tsatsa a cikin maɓallai da abin murɗa sauti, shi ke sa ɓangare ɗaya ya riƙa ɗaukewa, maganinsa kuwa ruwan fesawa na wanke maɓalli da yawan murɗawa. Na biyu, kafasito, waɗansu 'yan gwangwanaye masu ajiye wuta. Akwai ruwan sinadari a cikinsu wanda ke bushewa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta bushewar, har masana suka ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. To, sai a auna da zafin Kano na watan Afrilu. Na uku, waɗansu ƙananan transisto masu lamba 2SA725 da 2SA726, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen kawo ƙarar suyar nan idan sun tsufa. Na duba nawa, na ga ƙafafunsu sun yi baƙi ƙirin. Madadinsu na zamani shi ne KSA992.

Na shiga Kasuwar Sabon Gari na sayi kafasito da dalma, transisto kuwa sai da na yi sati uku ina jiran a kawo mini. Da suka iso sai zumuɗi ya kama ni. Na cire tsofaffin, na dasa sababbin suna fuskantar inda na da suke fuskanta, na liƙe da dalma. Na karanta cewa ba a kunna akwatin da aka taɓa cikinsa sai an gwada shi tukuna, ba a kuma haɗa masa lasifika mai daraja a gwajin farko. Na sani sarai. Amma an kawo wuta a daren nan, ina tsoron a ɗauke, ina kuma son gari ya waye in shiga ɗakin tsoho da kiɗa. Na jawo lasifikan kakana na haɗa, na danna maɓalli. Sai na ji "ɗum" daga ta hagu, sa'an nan gunji, sa'an nan shiru. Kafin in kai hannu ga soket ƙauri ya cika ɗakin.

Ban yi barci ba a daren nan. Lasifikar da ta shekara 47 ba abin da ya same ta, ni na kashe ta cikin ƙiftawar ido. Da safe tsoho ya tambaye ni labarin aiki, na ce masa lafiya lau, kaya nake jira. Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma na yi ta maimaita ta har wata guda.

Wani maƙwabcinmu ne ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo a wani lungu cikin birni. Na same shi a 'yar rumfa, tsofaffin talabijin sun kewaye shi har rufi, ba mai kawo masa aiki sai jefi-jefi, don yanzu abu in ya lalace yar da shi ake yi. Da ya ga akwatin sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shafa fuskarsa, ya ce rabonsa da irinsa ya fi shekara 20. Na zayyana masa abin da na yi, ina ta kawo sunayen dokokin lantarki don kada ya raina ni. Bai tanka ba. Ya ɗauko wani katako da aka kafa wa kwan fitila da soket, ya ce, "Ɗana, ka san wannan?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Shi ne malamina." Kwai ne na da, mai zare a ciki, mai wat 60, an haɗa shi a kan hanyar wuta ta yadda sai ta ratsa ta cikinsa kafin ta shiga akwati. In akwatin lafiya yake, kwan zai yi haske ya dushe nan take. In akwai inda wuta ke zuba, sai ya tsaya da haskensa, ya shanye wutar, kayan ciki su tsira. Ya kunna, ya ɗora mitarsa a inda ake haɗa lasifikar hagu, allura ta haura bolt 20. A wurin nan kuwa bai kamata a sami komai ba sai ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya ba. Wannan tsayayyar wuta ita ta dafa siririyar wayar da ke naɗe a cikin lasifika.

Sa'an nan ya ciro tsohon transisto daga cikin ledar da na zo da ita, ya auna ƙafafunsa uku ɗaya bayan ɗaya, ya auna na sabon. Ashe jerin ƙafafunsu a juye yake. Ta tsakiya ɗaya ce, amma ta hagun wannan ita ce ta daman wancan, saboda haka sai an juya wa sabon baya kafin a dasa shi. A jikin allon ma an rubuta harafin kowace ƙafa, ni ne ban duba ba. Ya ce, "Ka dubi fuska ka bar ƙafa. Ko a mutane, fuska ba ta gaya maka inda mutum ya dosa."

Na yi sati biyar ina zuwa rumfar nan. Bai karɓi akwatin ya gyara mini ba, cewa ya yi wanda ya ɓata shi zai gyara. Ya koya mini in sauke wutar da ke kwance a manyan kafasito kafin in sa hannu, don suna riƙe ta ko an zare waya. Ya koya mini in canja abu ɗaya in gwada kafin in taɓa na biyu, domin in an sami kuskure a san inda yake. Ya hana ni taɓa 'yan sukurorin da ke ɓangaren kamo tasha, ya ce an daidaita su da na'urorin da ba mu da su, ya kuma hana ni kwance zaren da ke jan allurar tasha. Muka sauya 'yan fitilun fuska da suka mutu. Lasifikar kuwa shi da kansa ya buɗe ta, ya naɗa mata sabuwar waya da hannu, ya manne. Na lura duk tsawon zamana a wurin ba yaro ko ɗaya da ke koyon aiki a hannunsa. Ya ce na ƙarshe ya koma gyaran wayar salula.

Ranar da muka gama, kwan ya yi haske ya dushe, mita ta kwanta, fuskar akwatin ta kama da shuɗin haske. Na kai shi ɗakin tsoho bayan sallar isha'i, na jera kome yadda yake a da. Ya ce in kai hannunsa kan abin murɗa tasha. Ya murɗa a hankali, bai gani, amma hannun ya tsaya daidai inda yake samun Kaduna. Ba mu ji kome ba a daren nan sai shuu da ƙarar da fitilun zamani da cajar waya ke jefawa cikin zangon AM. Na mayar FM, ɓangaren da ya saya a banza a 1975, sai ga tashoshi sun cika shi maƙil. Ya yi tsaki ya ce in sa masa faifai.

Na ɗora na Shata. Kalangu ya tashi, kakata ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Tsoho ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba har faifan ya ƙare. Ina jiran yabo, sai ya ce, "Me ya sami ta hagu?"

Gabana ya faɗi. Na ce, "Wace hagu, Tsoho?"

Ya ce, "Muryarta ta sauya. Ba ita ce wadda na sani ba."

Nan na durƙusa na faɗa masa kome, tun daga daren ƙauri har zuwa rumfar dattijo. Ya ce ai ɗakina da nasa bango ɗaya ne, ya ji ƙarar, ya kuma ji ƙaurin. Ya ce, "Idona ne ya mutu, hancina da kunnena suna nan. Kullum in ka ce mini lafiya lau, sai in ce bari in ga ranar da yaron nan zai gaji. Lasifika ai an naɗa mata waya ta tashi. Da ka bar ɗakin nan yau ba ka faɗa ba, da ban san mai naɗa maka taka ba." Sa'an nan ya ce in juya faifan, kuma maganar mata ya fasa, tun da aikin ba ni kaɗai na yi ba.

Akwatin yana nan yana aiki, an cire masa ƙyallen atamfa. Ni kuma duk hutu ina komawa rumfar nan in zauna, kuma na haɗa nawa katakon mai kwan fitila. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, wanda duk ke da irin wannan akwati a gida kada ya bari a auna shi a kilo a ba 'yan gwangwan. Ya nemi tsofaffin masu gyara tun suna raye, ya zauna a gabansu ya rage baki. In kuma ya yi ɓarna, ya faɗa tun a ranar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya, amin.