Birin Kasuwar Lahadi

Wata ranar Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida a nan Ɗanbatta ina gyaran wani gajeren labari, sai ƙaramar 'yata ta leƙo takardar, ta karanta inda na rubuta cewa ko biri ya karye ya hau rumbu. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, kai ka taɓa ganin biri a kan rumbu?" Har na buɗe baki zan ce i, sai na tuna ƙarya zan yi.

Biri ɗaya na sani ina yaro, na kasuwar Lahadi. Jan biri ne, wani gardi ke zuwa da shi, igiya a ƙugu, an sa masa 'yar taguwa. A kaɗa masa ganga, a ce ya yi gaisuwar surukai, ya yi faretin soja, mu kuwa mu yi ta ƙyaƙyata dariya. Har kuɗin da aka aike ni sayen gishiri na taɓa jefa masa, na koma gida na sha bulala. Ban taɓa tambayar daga ina aka samo shi ba. Sai da na girma wani tsohon maharbi ya gaya mini cewa babban biri ba ya horuwa, jariri ake ɗaukowa, uwar kuwa ba ta sakinsa tana da rai. Tun daga ranar dariyar nan take yi mini ɗaci.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya ce a zamaninsu yara yini suke a gona da majajjawa suna gadin gyaɗa da dawa saboda birai. Ba na ganin laifinsa, domin wanda biri ya kwashe wa gyaɗar shekara ba ya ganin kyansa. To amma ba majajjawa ta kore su ba. Itatuwa ma suna nan, gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya, kowace da mai ita. Dajin ne ya ƙare, gona ta haɗe da gona har Kazaure. Yau mai son ganin biri sai ya nufi dajin Falgore, ko ya yanki tikiti a Gidan Zoo na Audu Bako a Kano. Mu marubuta kuwa muna nan muna hawar da shi rumbu a takarda.

Tambayar yarinyar ce ta sa na shiga karance-karance, har na ci karo da labarin wani biri da ake kira gibon, na tsibirin Hainan a ƙasar Sin. Ba shi da wutsiya, hannayensa dogaye, rayuwarsa duk a saman itatuwa. Da asuba namiji da mace suke rera kuka tare, da wannan kukan ma masu ƙidaya ke gano inda suke. A shekarun 1950 sun kai kimanin 2,000. Farauta da sare daji don shuka itacen roba suka cinye su, har a 2003 aka ƙirga 13 kacal, a daji guda. Da guguwa ta zaftare wani gefen dutse a 2014 ta raba musu hanya, mutane suka hau suka ɗaura musu gadar igiya, suka jira kusan wata shida kafin birin farko ya yarda ya taka. Yanzu sun haura 40.

Igiyar nan ce ta tsaya mini a rai, don na tuna wadda ke ƙugun namu.

Ban soke karin maganar daga labarin ba. Na dai yi wa yarinyar alkawarin idan an yi hutu zan kai ta Gidan Zoo. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Baba, a can akwai rumbu?"